Bayan Barka da Sauka

A gidansu Auta ake ce masa, don shi ne ƙarami a 'ya'yan Hajiya, kuma a kan wannan sunan zan bar shi. Shi da kansa ya ba da izinin a rubuta labarinsa, da sharaɗin a sakaya sunansa da na unguwarsu. Ya ce akwai irinsa da yawa a cikin garin Jos, waɗanda suka dawo daga ci-rani a ƙasashen waje, suna kwance a ɗaka suna tari, iyayensu na cewa sanyi ne. Duk mai aikin lafiya a unguwanninmu ya san gaskiya ya faɗa.

Ya taso yana bin manya ramin kuza a wajajen Bukuru. Don haka da labarin zinaren Jado ya ɓulla a 2014, samari suka fara tururuwa zuwa arewacin Nijar, bai ga wani baƙon abu a aikin ba. Ya bi ta Kano da Damagaram ya faɗa Agadas. Ya daɗe a ramukan da ake fasa dutse a niƙa shi a bushe, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai, ba abin rufe hanci sai bakin rawani. Da gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017, aiki ya watse, wasu suka juyo gida. Shi kuwa ya ji nauyin ya dawo da ɗan abin da ke hannunsa, ya hau bayan Hilux ya wuce Sabha ta ƙasar Libiya. A can ya yi leburan gini, ɗaukar bulo da kwaɓa siminti a tsakar rana, ruwan sha kuma sai an ga dama. Daga nan wasu masu bindiga suka kama shi suka kulle a wani gida. Sukan kira yayansa a waya, su ajiye ta a buɗe, sannan su yi ta dukan tafin ƙafarsa da tiyo don a ji ihunsa a Jos. Filin da Hajiya ta gada da injin markaɗenta duk suka tafi a kuɗin fansa, aka ciwo bashi aka cika. Da suka sake shi ya nufi Tarabulus, ba a jima ba aka yi kame, ya ƙare a gidan tsare baƙin haure, inda mutane ke kwance a cunkushe a zaure ɗaya ba tagar kirki. A nan ma'aikatan hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, suka rubuta sunansa. Jirgi ya sauke su a Legas, jami'an NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, suka tarbe su, ya hau motar dare zuwa Jos.

Akwai abin da dangi suke yawan ruɗewa a kansa. Suna jin an ce likita ya duba mutum kafin ya hau jirgi, sai su ɗauka an wanke shi daga kowace cuta. Wannan dubawar manufarta a tabbatar zai iya jure tafiyar, ba ta maye gurbin cikakken bincike. Wanda kuma aka koro daga Aljeriya ta Asamaka, garin bakin iyaka a Nijar, ko aka kwaso daga tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Saudiyya, ko ya lallaɓo da kansa ta mota, sau da yawa ko wannan ɗin ma bai samu ba.

Auta ya iso ƙashi da rai. Hajiya ta yi abin da kowace uwa za ta yi, ta sa aka yanka kaji, aka tuƙa tuwo, aka soya dankali, ta zauna a gabansa tana cewa, "Ci, Auta, ƙara." Kwana biyu sai gudawa, ƙafafu suka kumbura, zuciya na bugawa da sauri. Jikin da ya yi watanni yana samun burodi guda ko ɗan taliya a wuni ba ya ɗaukar cika ciki lokaci ɗaya. Idan abinci mai yawa ya shiga kwatsam, gishirin da ke cikin jini, musamman fosfet da fotasiyam, yakan faɗi ƙasa, kuma wannan kan taɓa zuciya. Abin da ya dace shi ne kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a rana: kunun gyaɗa, gwaten acca, ƙwai ɗaya, ɗan wake mai laushi, ayaba, madara idan cikin ya karɓa. A riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Wanda ya rame ƙwarai, ko ƙafarsa ta kumbura, ko yake jiri idan ya miƙe, a asibiti ya kamata a fara ciyar da shi.

Tarin kuwa da shi ya sauka daga mota. Lokacin hunturu ne, kowa ya ce ai mutumin da ya saba da zafin hamada dole sanyin Jos ya kama shi. Aka dafa citta da kanumfari, aka haɗa da zuma. Da bai tsaya ba aka je kemis, aka ba shi maganin tari na ruwa da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Ya ɗan ji sauƙi mako guda, tarin ya dawo. Aka canza wani. A nan ɓarnar take, domin magunguna irin su ciprofloxacin da levofloxacin, waɗanda ake sayarwa barkatai, suna ɗan danne ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba. Mutum ya ji dama-dama, a jinkirta gwaji, ƙwayar kuma ta fara sabawa da maganin da ake ajiye wa masu tarin da ya gagara. Wajen wata biyu aka yi a haka, yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan yayansa, an toshe taga da tsumma saboda sanyi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk tarin da ya kai mako 2, balle ga zufar dare har ta jiƙa riga, ga zazzaɓin yamma, ga rama, a je a ba da kaki. Wanda ya fito daga gidan tsare mutane ko ramin haƙar ma'adinai ma ba sai ya jira mako biyun ba. Gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne, a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, da asibitin ƙwararru na jihar Filato, da asibitin Jankwano, da ƙananan asibitocin gwamnati masu sashen tarin fuka. Yadda ake ba da kakin yana da muhimmanci, don da yawa yawu suke tofawa a robar, sakamako ya fito ba komai alhali cutar na nan. Da sassafe ake yi. A kurkure baki da ruwa zalla, a fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara, a ja dogon numfashi sau uku, sannan a yi tari daga can cikin ƙirji. Kamar cikin ƙaramin cokali ake so. Na'urar GeneXpert da ake gwada kakin da ita tana gama aikinta cikin sa'a biyu, ta nuna ko akwai ƙwayar, ta kuma nuna ko ta bijire wa rifampicin, wanda shi ne ginshiƙin maganin.

Na Auta ya nuna akwai, amma Allah ya taimaka ƙwayar ba ta bijire ba. Aka ɗora shi a sikeli, domin yawan ƙwayoyin da ake sha gwargwadon nauyin mutum ne, kuma idan ya yi ƙiba a kan hanya ana iya ƙara masa. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Wata 4 na baya biyun farko kaɗai. Kullum, ba fashi, da safe kafin a ci komai. Muka shawarci gidan su ɗaura shi da sallar asuba: ya idar, yayansa ya miƙa masa da kofin ruwa, ya ga ya haɗiye, ya yi alama a kati, sai bayan kamar sa'a guda ya karya. An gaya musu tun ranar farko cewa fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, har zufa da hawaye, kada su firgita, aikin rifampicin ne. Abin da za a firgita da shi daban ne: ido ya yi ɗorawa irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi. Idan aka ga ɗayan waɗannan, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar karɓar magani. Zafi da tsira-tsira a tafin ƙafa kuma isoniazid ke kawo su, ana ba da bitamin B6 saboda haka.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wata na biyu zuwa na uku. Tari ya tsaya, abinci ya fara shiga, fuska ta ciko. Auta ya ce wa yayansa, "Yaya, ni fa na warke, ƙwayoyin nan suna kashe min jiki, bari in fita neman kuɗi." Yayan ya ce, "Ka fita, ban hana ka ba, amma sai ka sha a gabana." Wannan tsayuwar ta yayan ita ta cece shi. Ƙwayar tarin fuka ba ta mutuwa gaba ɗaya a watannin farko, akwai masu lafewa a cikin huhu, su ne watanni huɗun ƙarshe suke bi. Wanda ya yanke a tsakiya, tarin kan dawo, wani lokaci a bijire, a shiga maganin da kan ɗauki wata 6 zuwa 18 ko fiye, mai wahalar sha. Ana sake duba kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6, kuma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai ce an gama.

Mutanen gida ma an duba su. Ɗaya daga cikin yaran da suke kwana tare da shi bai kai shekara 5 ba, aka ba shi maganin kariya na watanni ko da yake ba ya tari. Aka cire tsumman taga, aka mayar da Auta ɗakin da rana ke shiga. Ware masa kwano da cokali da Hajiya ta fara yi ba shi da amfani, domin ta iska cutar ke bi, ba ta kwano ba, kuma ba abin da wannan ke ƙara wa mara lafiya sai jin an ƙyamace shi. Bayan kamar mako 2 yana shan maganin da ya dace, haɗarin ya harbi wani ya ragu sosai.

Da ya gama wata shidan kaki ya fito fes, amma haki bai bar shi ba idan ya hau tudu. Hoton ƙirji ya nuna ƙananan ɗigo-ɗigo a saman huhu biyun, tabon ƙurar dutsen da ya shaƙa. Wannan ba ya gogewa, ba shi da maganin warkewa, kuma yana sa mutum ya fi sauran jama'a saurin kamuwa da tarin fuka, har karo na biyu. Abin da ake yi shi ne a hana shi ƙaruwa: ba komawa rami, ba aikin fasa dutse ko yankan tayil a bushe, ba sigari, ba kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Ina roƙon duk wanda ɗan'uwansa ya dawo daga haƙar zinare, ko Nijar ne ko Mali ko Sudan ko Chadi, ya faɗa wa likita irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi a ciki. Likitoci da yawa ba za su tambaya ba, kuma hoton ƙura da na tarin fuka suna kama da juna.

Da a ce a makon farko aka kai shi, da ga abin da za a nema, kuma shi nake so kowane gida su riƙe. Awon jini da na'urar hannu, a maimaita a rana daban idan ya kai 140/90. Gwajin suga da safe kafin a ci abinci, wanda idan ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, sai a sake don a tabbatar. Gwajin yawan jini. Gwajin fitsari a ga ko furotin ko jini na zuba, da gwajin kiriyatinin na ƙoda. Gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Gwajin ƙanjamau, wanda dole a sake shi bayan wata 3 ko da na farko ya fito lafiya, saboda cutar da aka ɗauka kwanan nan ba lallai ta nuna ba. Ba zargin kowa ake yi da wannan ba. A gidajen da ake tsare mutane reza ɗaya ke aske kai goma, kuma ana cin zarafin maza kamar yadda ake cin na mata, sai dai namiji ba ya faɗa. Mai iyali ya yi amfani da kororon roba har gwaji na biyu ya fito. Auta ya tsira daga ƙanjamau da ciwon hanta, aka yi masa rigakafin hanta B allura uku: ranar farko, bayan wata 1, da bayan wata 6. Wanda nasa ya nuna B, a gwada matarsa da 'ya'yansa, jaririn da za a haifa kuma ya samu allurarsa cikin sa'a 24. Nau'in C ana warkewa da ƙwayoyin mako 12.

Ƙodarsa ce ta zo da magana. Jininsa ya hau, fitsari da ɗan furotin, kiriyatinin ya ɗara na mai shekarunsa. Aikin ƙarfi cikin tsananin zafi, kullum jiki na bushewa, kullum da dare a watsa diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, wannan haɗin yana cin ƙoda a hankali ba tare da wani ciwo ba. Zafin ƙasashen nan ba wasa ba ne, shi ya sa Saudiyya ta haramta aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, Katar ma tana da irin wannan doka. Amma wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ko yake aiki a ƙasar da ba doka, ba wanda zai kare shi. Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa, lokacin da fuska ke kumbura da safe, abinci ke ƙin shiga, a ce sai wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako, kowanne sa'a 4, abin da ƙalilan ne ke iya jure kuɗinsa. Ta Auta an tare ta da wuri. Aka ɗora shi a kan maganin hawan jini, aka hana shi haɗin ciwon jiki na kemis, sai farasitamol. Aka hana shi jiƙe-jiƙen da ake talla a tasha, na basir da na wankin ciki da na ƙarfin maza, domin ba wanda ya san abin da ke ciki. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Batun azumi kuwa, likitansa ake tambaya kowace shekara bayan an ga gwaji.

Ƙazuwar da ya zo da ita ta bi gidan kaf kafin a farga. Maganinta a shafa benzyl benzoate ko permethrin daga wuya har tafin ƙafa, tsakanin yatsu da hammata da gaba, a kwana da shi, kowa da kowa a dare ɗaya, har wanda ba ya susa, a maimaita bayan mako 1. Kayan sawa da na shimfiɗa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, wanda ba ya wankuwa a ƙulle a leda mako guda. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan kayar da wanda ya yi shekaru a hamada fiye da 'yan gida, don garkuwar da jiki ya saba da ita ta yi rauni. Ya kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi na zuwa a gwada a ranar, a sha maganin cikakke, sau 6 cikin kwana 3, tare da abinci mai ɗan maiƙo.

Duk waɗannan ana ganinsu a takardar gwaji. Wanda ya fi cin gidan ba ya fita a takarda. Auta ba ya barci. Idan ya runtsa sai ya zabura yana ihu da Larabci, ya rarumi ƙofa. Wayar wani ta yi ƙara a kusa da shi, jikinsa ya hau rawa. Ba ya yarda a rufe ƙofa yana ciki, ba ya zama inda ba ya ganin hanyar fita. Ya daina zuwa majalisa, domin ba a rasa mai cewa, "Mutanen Libiya, ina tsarabarmu?" Idan ya ga inda injin markaɗen Hajiya yake a da, sai ya tashi ya shige ɗaki. Wata rana ɗan yayansa ya taɓa shi ta baya yana wasa, ya juyo ya shaƙe yaron kafin ya dawo hayyacinsa, ya zauna yana kuka. Dangi suka ce jifa ne, wasu suka ce iskokin hamada ya kwaso.

Aka kira malami ya yi masa ruƙiyya, kuma ban ga laifin hakan ba, addu'a tana kwantar masa da rai. Malamin ma mutumin kirki ne, shi ya ce wa Hajiya, "Hajiya, mu ci gaba da addu'a, amma yaron nan a kai shi asibiti, abin da ya gani ne yake bin sa." Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗauri da mari, da duka da sunan fitar da aljani, da turare a rufaffen ɗaki ga mai ciwon huhu. Mutumin da ɗauri da duka suka lalata, a ƙara masa wani ɗaurin, ciwon ake zurfafawa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Firgita da mugun mafarki a makonnin farko ba abin mamaki ba ne ga wanda ya sha azaba. Idan suka wuce wata 1, suka hana mutum barci da aiki da shiga jama'a, ciwo ne mai suna kuma mai magani, ba hauka ba ne. JUTH tana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, a Abuja akwai a babban asibitin ƙasa, a Kaduna akwai na Barnawa. Jigon maganin zama ne da ƙwararre, mako-mako, ana koya wa mutum yadda zai riƙe kansa idan abin ya taso, sannan a bi abin da ya faru da shi daki-daki, daidai yadda zai iya ɗauka. Ana iya haɗawa da ƙwayar rage damuwa, wadda ba ta fara aiki sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ana ci gaba da ita aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Masu yankewa a kwana goma suna cewa ba ta yi, ba su ba ta lokaci ba ne. Diazepam da ake saya a kemis don barci ba ta magance wannan, sai dai ta zama wata sabuwar jaraba.

A zama na uku ne ya faɗi abin da ya ɓoye wa kowa, cewa yana shan tramol. A ramin zinare ya fara, don a iya wuni ana sara, kuma da ya dawo ita ke sa ya manta. Wadda asibiti ke bayarwa miligiram 50 ce ko 100, ta kasuwa kuwa har 225, kuma tana jefa mutum jijjiga irin ta farfaɗiya. Dole likita ya sani, domin haɗa ta da ƙwayar rage damuwa haɗari ne. Ba a kuma yanke ta dare ɗaya ga wanda ya daɗe a kai. Cikin yini guda zai fara ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin natsuwa, ya koma mata da gudu. Ana rage ta ne mataki-mataki a ƙarƙashin kulawa. Ya koma mata a kan hanya, aka sake farawa, ba wanda ya gorantar masa.

Ga abin da gidan suka koya, wanda ya fi kowace ƙwaya tasiri. Ba a tsare shi da "ba mu labari". Idan ya fara da kansa, a saurara, kada a katse shi da "ka manta kawai, ya wuce". Ba a taɓa shi ta baya, ba a tashe shi da girgiza, a kira sunansa daga nesa a kunna fitila. Maganar bashi an ɗauke ta daga gabansa na wasu watanni, yayansa ya je ya zauna da masu bin kuɗin aka tsara biya kaɗan-kaɗan. Aka ba shi ɗan aikin da zai fitar da shi kullum, rakiyar yara makarantar allo. Kuma da ya fara cewa gara ma da ya mutu a hamada da ya zama wa mutane kaya, yayansa bai ce masa "haram, daina faɗa" ya wuce ba. Ya zauna ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, hanya take buɗe masa ya yi magana. Ya ce e. Aka kwashe maganin ƙwari da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, ba a bar shi shi kaɗai ba, washegari aka koma wurin likita.

Ba zan rufe ba ban taɓo matan da ke dawowa daga aikatau a Saudiyya da Oman da Lebanon da Iraƙi ba, don nasu ya fi ɓoyuwa. Suna zuwa da hannuwa a tsattsage saboda ruwan bilic ba safar hannu, da ciwon baya, da ƙarancin jini, da ciwon ƙashi na wadda ta yi shekara biyu rana ba ta taɓa jikinta ba. Wasu da juna biyun da ba da yardarsu aka samu ba. Wadda ta dawo, mace 'yar'uwarta mai riƙe sirri ta raka ta asibiti, a bar ta ta ga ma'aikaciyar lafiya ita kaɗai, a yi gwajin ciki tare da sauran gwaje-gwajen. Idan akwai, a fara awo nan take, kada kunya ta sa a ɓoye ta a ɗaka har wata tara. Idan tana maganin tarin fuka, ta sani rifampicin yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, sai a canza mata wata hanya. Wadda ejan ya yaudara, ko aka ƙwace mata fasfo aka hana ta albashi, hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, da aka kafa a 2003, mai hedikwata a Abuja, aikinta ke nan, kuma tana da masu ba da shawara da wurin fakewa.

Takardun da aka ba Auta a filin jirgi sun yi amfani, da su aka bi sawun tallafin sana'a na waɗanda IOM ta dawo da su, wanda yawanci kaya ne da horo, ba tsabar kuɗi ba, kuma yana ɗaukar lokaci. Da farko ya so injin buga bulo, likita ya ce ƙurar siminti ba ta huhunsa ba ce. Yanzu yana sayar da dankalin turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada tare da wani abokin yayansa, ba ya ɗaukar buhu, yana kan ciniki da lissafi. An yi masa rajistar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, saboda maganin hawan jini na kullum ne. Ana duba ƙodarsa duk wata 6, duk tarin da ya kai mako biyu kuma kaki yake kaiwa kafin ya sha komai. Yana barci mafi yawan darare, tafin ƙafarsa na damunsa idan ya daɗe a tsaye, don haka takalmi mai laushin ciki yake sawa, yana zama a kan benci tsakanin masu saye. Bashin fansar ya ragu, bai ƙare ba, kuma yanzu shi yake kai kason kowane wata da hannunsa.